Kashi Na Uku Ya Bi Motar Shara

Jama'a, ku matso ku taya ni jin wannan abin al'ajabi. Ranar Talatar makon jiya an hana ni shiga ɗakin karatu na jama'a, kuma laifina ɗaya ne tak: na je karatu.

Da sassafe na fara da gidan mai, kamar kowane ɗan ƙasa nagari. Na tura babur ɗina da hannu, na tarar layi ya sha kwana biyu ya dawo yana gaisawa da wutsiyarsa. Awa biyu ina tsaye, saura mutum huɗu a zo kaina, sai ga baƙaƙen motoci shida sun shigo ta ƙofar fita. Aka cika musu tanki, aka cika musu jarkoki, sannan mai zuba man ya rataye bututunsa ya ce a yi haƙuri, ya ƙare. Na tambayi na gabana ina waɗannan bayin Allah za su da mai haka. Ya ce ai yau ake bikin cusa wa talakawa son karanta littattafan labari. Na ce to madalla, ashe man nawa hanyar alheri ya bi. Na jingine babur a rumfar mai faci, na kama hanya a ƙasa.

Ina isa na ga ɗakin karatun namu ya sha kwalliya. An shafa fenti a bangon da ke kallon titi, sauran ukun kuma an bar su da Allah. An kafa rumfuna, an jera kujeru, janareta na ruri, ga wani ƙaton kyalle ɗauke da hoton Mai Girma Uban Taro yana murmushi, riƙe da littafi ɗan mitsitsi wanda sai ka matso za ka gane ba wayar hannu ba ce. A ƙofa kuma, maimakon tsohon maigadinmu da muka saba gaisawa, wani ƙato ne cikin baƙin gilashi.

“Malam, ina zuwa?”

“Ciki. Littafi zan karɓa.”

“Yau ba a karatu. Yau bikin karatu ake.”

Na ciro katina na ɗakin karatu, wanda ya shekara bakwai a aljihuna har ya lanƙwashe. Ya juya shi gaba da baya, ya ce wannan ba katin gayyata ba ne, in matsa gefe kada in tare wa masu karatu hanya.

Bari in ɗan koma baya, don kada ku ɗauka ni wani ɗan boko ne mai gilashi a kan karan hanci. Gyaran agogo nake yi, ko in ce nake yi a da, kafin wayar hannu ta zo ta kashe mana kasuwa. Yanzu sai in wuni a rumfa agogo goma sha biyu suna kallona, kowanne da nasa lokacin, ba mai shigowa. Abin da ya fara kai ni ɗakin karatu, in dai gaskiya za a faɗa, fanka ce. Akwai wata fanka a kusurwar jaridu wadda in an kawo wuta take juyawa a hankali. Nakan buɗe jarida a ƙarƙashinta in yi barcina cikin mutunci.

A nan Malama Shiru ta kama ni. Ita ce mai kula da sashen littattafan labari, shekara ashirin da biyu ke nan, kuma ta samu sunan ne daga kalma ɗaya da take jefa wa duk wanda ya yi tari da ƙarfi. Gajeriya ce, takalminta ba ya ƙara, sai dai kawai ka gan ta a kanka. Ran nan na farka na same ta zaune a kujerar da ke gabana, riƙe da wani littafi da ya sha hannu har bangonsa ya yi laushi. Ta buɗe shi, ta fara karantawa ƙasa-ƙasa. Labarin wata mata ne da ta dawo daga kasuwa, ta tarar da takalmin mijinta, wanda ya shekara biyar da rasuwa, a bakin ƙofar ɗakinta, da ɗanyar laka a jikinsa. Ta miƙa hannu ta ɗaga labule. Sai Malama ta rufe littafin, ta miƙe abinta.

Na ce, “Malama, sai me ya faru?”

Ta ce, “Shiru. Ka kawo hoto biyu a yi maka kati.”

Dabararta ke nan, ba ta da wata. Ba ta da kwamiti, ba ta da lasifika, ba ta da hula mai tambari. Sai ta karance ka tukuna, sannan ta zaɓo maka littafi kamar mai kemis na zaɓen magani, ta karanta maka shafi ɗaya, ta datse a daidai inda ranka zai fita. Da wannan muguntar ta kama mai askin layinmu, ta kama wata nas, ta kama direbobi uku da wani tsohon ɗan sanda da ya shigo fakewa daga ruwan sama. Mutumin da ya rantse ƙagaggen labari aikin marasa aikin yi ne, sai ka gan shi bayan mako biyu yana tsine wa wani mugun kawu da ba a taɓa haifa ba.

To, ga abin da ya kai ni ranar Talata. Akwai yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Tela ne, kamar tsohon namu. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na ɗauki keken ɗinkin tsohon, wanda Yaya ya koyi sana'a a kansa, na sayar ban gaya masa ba, na sayi kayan gyaran agogo. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba. Kawai ya daina yi mini magana, ni kuma girman kai ya hana ni in je in durƙusa. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Na fara zuwa duba shi, amma in na ce “Yaya, ya jiki?” ya ce “da sauƙi”, shi ke nan zance ya ƙare. Sai mu zauna muna kallon silin har matarsa ta shigo ta cece mu da kofin ruwa.

Na yi suɓutar baki na gaya wa Malama Shiru. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta shige tsakanin kantoci, ta fito da wani labari mai kashi uku, ta ba ni na ɗaya, ta ce in riƙa karanta masa shafi goma kullum, kada in ƙara. Sai da muka kai tsakiya na gane irin ramin da matar nan ta haƙa mini. Labarin wasu 'yan'uwa biyu ne masu fito da mutane a bakin kogi, ƙanen ya sayar da kwalekwalen da suka gada ya gudu. Ina karantawa gumi na keto mini, Yaya kuma ya kafa wa silin ido, baki a karkace, ba ka sanin dariya yake ko ciwon ne. Amma ya fara magana.

“Wannan yaro shashasha ne,” in ji shi.

“Ƙwarai kuwa, Yaya.”

“Juya shafi.”

Cikin wata biyu mun yi hirar da ba mu yi ba a shekara goma sha ɗaya, duk a kan mutanen da ba su taɓa shan ruwan duniya ba.

Kashi na biyu ya ƙare a daidai inda ƙanen ya dawo bayan shekaru, ya tsaya a ƙofar gidan wansa, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. A nan marubucin, Allah ya saka mana, ya ajiye alƙalami. Kashi na uku kuwa kwafi ɗaya ne rak a ɗakin karatun, kuma layi ake bi. Malama na da wani littafin rubutu da take jera sunaye, kuma ina shaida muku shi ne layi ɗaya a garin nan da babba ba ya tsallakewa, wataƙila don babba bai san da shi ba. Mako biyar ina jira. Kullum in na shiga, Yaya zai ce, “Auta, ya ƙwanƙwasa?” In ce tukuna. A mako na huɗu likita ya ja ni waje, ya yi mini irin maganar nan da likitoci ke yi suna kallon takalminsu, ya ce a riƙa ba shi duk abin da ransa ke so. Ranar Litinin Malama ta aiko mini cewa nas ta dawo da littafin, gobe nawa ne.

Don haka ba zan juya gida ba don wani mai baƙin gilashi ya ce in matsa. Na zagaya ta baya, wajen famfo, na samu tsohon maigadinmu zaune a kan bulo, an ce ya ɓuya saboda rigarsa ba ta dace da taro ba. Ya buɗe mini ƙaramar ƙofa, ya ce in aka kama ni bai taɓa ganina ba.

Na shiga sashen labari, sai na ɗauka ɓatan hanya na yi. Kantocin nan da suka saba cika maƙil, wayam! Abin da ya rage a kansu wasu littattafai ne masu tsabta, tas-tas, waɗanda ban taɓa sanin muna da su ba: rahoton taron ƙara wa juna sani kan tsutsar auduga, kundin ƙidayar rijiyoyi kashi na ɗaya zuwa na tara, da jagoran gyaran wata na'ura da aka daina ƙerawa tun ina goye. A tsakiyar ɗaki an kafa wani kabad na gilashi, an ɗaure shi da jan kyalle, cike da sababbin littattafai a cikin ledarsu. A teburori kuma an zaunar da masu karatu, wato ma'aikatan ofishin Kwamitin da ya shirya bikin, cikin kaya iri ɗaya, kowa da buɗaɗɗen littafi a gabansa da waya a ƙarƙashin tebur.

Na samu Malama Shiru a bayan kabad ɗin, a tsaye, ta harɗe hannuwa. Shekara bakwai ban taɓa ganin idonta ya yi ja ba sai ran nan.

“Malama, ina littattafanmu?”

“Sun gaji.”

“Su wa suka gaji?”

“Littattafan. Haka Shugaban Kwamiti ya ce. Jiya bayan na tashi aiki suka zo duba wuri. Ya ce ba za a kawo Mai Girma ya ga tsummokara ba. Ya ba da umarni duk littafin da bangonsa ya yage, ko ya yi baƙi da hannu, ko aka liƙe shi da gam, a fitar da shi. Wanda yake fes a bar shi.”

“To ai wanda yake fes shi ne wanda ba mai karantawa!”

“Shiru,” in ji ta, amma wannan karon ba ƙarfi a ciki. “Naka na ajiye a kan teburina, da sunanka a takarda. An ce shi suka fara ɗauka, don ya fi kowanne jigata.”

Ku duba hikima, jama'a. Ni da ɗan guntun tunanina, da sai in ce littafin da ya yi laushi shi ne wanda ya yi aiki. Amma Kwamitin Ƙoli na Cusa Son Karatu a Zukatan Al'umma, mai mambobi talatin da ɗaya da ƙananan kwamitoci bakwai, ya hango abin da ban hango ba. In kana so mutane su so karatu, sai ka fara raba su da abin da suke karantawa, don kewa ta kama su. Da asibiti aka ba waɗannan bayin Allah, da sun sallami duk likitan da aka gani da jini a riga, sun bar wanda bai taɓa taɓa majiyyaci ba.

Na fito na raɓe a ƙarshen rumfa, ina jiran in ga wanda zan tambaya. Wa zan gani in ba maƙwabcina ba, wanda muke kira Ba-Ka-Fashi, don ba a taɓa kafa rumfa a garin nan bai zauna a ƙarƙashinta ba. Ya riga ya samu hula mai tambarin biki, har biyu, ɗaya a kai ɗaya a aljihu. Na zayyana masa abin da ya faru.

“Kai matsalarka rashin godiya,” in ji shi. “Da can wa ya san da ɗakin karatun nan? Yau ga shi za a nuna shi a talabijin.”

“Za a nuna littattafan?”

“Za a nuna Mai Girma a gabansu.”

“Kai ka taɓa shiga ciki kuwa?”

“In shiga in yi me? Ni mai goyon bayan karatu ne, ba mai karatu ba. Kowa da ɓangarensa.”

An ce taro ƙarfe goma. Mai Girma Uban Taro, Ginshiƙin Ilimi, Inuwar Marubuta, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya iso ƙarfe biyu saura. 'Yan makarantar da aka jera a rana tun safe suka yi tafi, wato waɗanda ba su suma ba. Aka yi minti hamsin ana gabatar da manyan baƙi. Shugaban Kwamiti ya tashi ya ce bincike ya nuna mutanenmu ba sa karatu, kuma hujja ga ta nan a kan kantoci kowa ya shiga ya gani, littattafai fes kamar ba a taɓa buɗe su ba. Aka yi tafi. Wallahi har ni na kusa tafawa, don ban taɓa ganin mutum ya ƙera hujja da hannunsa jiya, ya zo yau yana mamakinta ba.

Sannan Mai Girma ya karanta jawabi. Ya ce karatu abu ne mai muhimmanci, musamman ga masu karatu. Ya yi alkawarin ɗakin karatu a kowace unguwa, da motar littattafai mai bin ƙauyuka, da na'ura mai ƙwaƙwalwa ga kowane ɗalibi. Karo na uku ke nan ina jin wannan alkawari daga bakuna uku daban-daban, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Wata 'yar jarida mai ƙarfin hali ta tambaye shi wane ƙagaggen labari ya karanta kwanan nan. Kafin ya buɗe baki wani hadiminsa ya cafe, ya ce Mai Girma mutum ne mai gaskiya, ba shi da lokacin karanta abin da bai faru ba. Na ce a raina haka ne, me zai kai mutum aro a waje alhali a gidansa ake sarrafa abin.

Aka yanke jan kyalle. Aka ɗauki hoto ana miƙa wa Mai Girma mukullin kabad a kan faranti, alamar ya buɗe wa al'umma ƙofar ilimi. Ya ɗaga mukullin sama, aka yi tafi, ya jefa shi a aljihu, ya shige mota. Har yau da nake wannan rubutu kabad ɗin a kulle yake. Sababbin littattafan suna ciki, suna kallonmu muna kallonsu, kuma da yardar Allah ba za su taɓa gajiya ba.

Kafin a watse aka raba kyauta: tarihin rayuwar Mai Girma, shafi ɗari huɗu, bango mai ƙyalli, yadda ya tashi ba takalmi yana taka kilomita goma sha biyu zuwa makaranta, hawa a tafiya, hawa a dawowa. Ni ma an cusa mini ɗaya, don an ɗauka direban wani ne.

Na tare Sakataren Kwamiti a bakin motarsa, na rusuna, na ce ranka ya daɗe, ina aka kai littattafan da suka gaji? Ya ce suna sito. Ina mukullin sito? Yana wurin mai sito. Ina mai sito? Ya tafi taron bita na kwana biyar kan adana littattafai, a wani otal mai wurin ninkaya. Ya ce in rubuto takarda, kwafi uku, in bayyana dangantakata da littafin. Na ce ranka ya daɗe, yayana ne a kwance, ƙarshen labari yake jira. Ya dube ni da tausayi na gaske, ya ce Allah ya ba shi lafiya, in karanta masa tarihin Mai Girma, akwai darussa a ciki.

Tsohon maigadi ne ya gaya mini gaskiya. Ba wani sito. Buhu goma sha tara aka cika, motar shara ta zo da sassafe ta kwashe, don Shugaba ya ce kada Mai Girma ya zagaya baya ya gani. Na taka har jujin bayan gari. Na tarar an riga an cinna wuta, kamar yadda ake yi kowace Talata, aiki ɗaya ke nan da na san hukuma na yi a kan lokaci. Na tsaya ina tona toka da sanda, ni da wasu awaki biyu. Abin da na samu rabin shafi ne, ƙonanne ta gefe, na wani labarin daban, wani yana ce wa wata ta jira shi a tasha. Ban san su ba, amma sai da hawaye suka zubo mini. Na ce hayaƙi ne, ko da yake ba wanda ya tambaye ni.

Washegari na shiga neman wanda ya san ƙarshen labarin. Kantin littattafai na bakin kasuwa yanzu rigunan waya yake sayarwa, mai kantin ya ce an daina buga wannan tun kafin ya yi aure. Na koma wurin Malama, na ce yau dai ki karya doka ki gaya mini. Ta sunkuyar da kai, ta ce ba ta taɓa karanta kashi na uku ba. Shekara tara littafin na yawo daga wannan hannu zuwa wancan, ita kuma ta ga bai dace ta tsallake layi ba. Ta sa sunanta a ƙasa kamar kowa, kuma duk sanda aka zo kanta sai ta ga wani ya fi ta buƙata.

Nas ta ce ita dai ta kai inda wan ya ji motsi a ƙofa, sai aiki ya yi mata yawa, wa'adinta ya cika, ta mayar don ta san ina jira. Mai aski ya karanta shekara huɗu da suka wuce, ya rantse ƙanen bai ƙwanƙwasa ba, juyawa ya yi ya faɗa kogi. Tsohon ɗan sanda, wanda na tarar a kujerar askin, ya ce ƙarya ne, kama ƙanen aka yi, kuma daidai ke nan. Mai aski ya ce ya maimaita. Da ƙyar na raba su, ɗaya da reza a hannu, ɗaya da rabin gemu.

Da yamma na tafi gidan Yaya. Matarsa ta tare ni a tsakar gida, ta ce tun jiya bai sa komai a bakinsa ba, kuma ba ya tambayar kowa sai ni. Ta kalli hannuna. Tarihin Mai Girma ne a hannun nawa, na naɗe bangon da tsohuwar jarida. Ta ce, “An samu?” Na ce an samu.

Yaya ya zabge ƙwarai a kwana biyun nan. Na jawo kujera kusa da gado, na buɗe littafin a tsakiya, daidai hoton Mai Girma yana dasa bishiya da farar safar hannu. Na gyara murya.

“Auta, ya ƙwanƙwasa?”

“Ya ƙwanƙwasa, Yaya.”

Na fara. Ban taɓa ƙaga labari ba a rayuwata, in ban da wanda nake gaya wa masu agogo cewa su dawo gobe. Na ce ƙanen ya ƙwanƙwasa sau uku. Na ce wan ya buɗe, ya tsufa, furfura ta cika masa kai, suka tsaya suna kallon juna. Na ɗan zagaya, na kawo iska, na kawo kukan tsuntsaye a bakin kogi, har dai na rasa wurin ɓuya. Sai na ce ƙanen ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce, “Yaya, na san abin da na sayar ba katako ba ne. Hannun mahaifinmu na kansa, naka ma na kansa. Tun ranar na sani, girman kai ne ya hana ni dawowa. Ba ni da abin da zan mayar maka. Na dai zo ne.” Ina faɗa ina bin layi da yatsa, layin kuwa bayani yake kan yadda Mai Girma ya samu lambar yabo ta goma sha huɗu.

Na ɗaga ido daga littafin. Yaya ya juyo da kansa, abin da yake yi da ƙyar.

“Minti goma kana karatu ba ka juya shafi ba.”

“Rubutun ƙanana ne, Yaya.”

“Kuma kana sosa kunne. Tun kana ɗan shekara biyar, in za ka yi ƙarya sai ka sosa kunne.” Ya numfasa. “Sannan kwalekwale ba shi da feda, keken ɗinki ke da ita. Sau biyu kana cewa feda.”

Na sauke hannuna daga kunne. Na gaya masa komai, da Kwamiti, da buhuna, da juji, da awaki. Ya yi wannan abin da bakinsa, wanda a ranar na tabbatar dariya ce.

“To, shi wan me ya ce?”

“Ban kai nan ba, Yaya. Ban san me zai ce ba.”

Ya mayar da ido kan silin. Sannan ya ce, “Rubuta. Ya ce masa tashi, ƙasa da sanyi. Ya ce dama keken ya tsufa, tsinka zare yake yi. Ya ce wa matarsa ta kawo abinci, na mutum biyu.”

Loma huɗu ya ci, ni na ba shi da hannuna. Ranar Asabar da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Jiya na ji a rediyo Kwamiti ya fitar da sanarwa cewa biki ya yi gagarumar nasara, harkar ƙagaggun labarai ta bunƙasa a tsakanin al'umma. Karo na farko ke nan da ba zan musa musu ba, don a yini ɗaya sun mayar da mai gyaran agogo da tela marubuta. Sai dai ina roƙonsu, don girman kujerunsu, kada su maimaita bikin baɗi. Abokin rubutun nawa ɗaya ne, kuma mun kai shi ranar Asabar.